In Ɗan'uwa Mashayi Ya Sauka A Gidanki

Ga hunturu ya fara busawa, bikin Kirsimeti ya matso, ko wace uwargida tana lissafin shinkafa da tabarmin baƙi. To, yau kan baƙo za mu yi magana, amma irin baƙon da ba a cika faɗar labarinsa a fili ba.

Cikin wasiƙun makon jiya akwai ta wata matar aure daga wajen Kafanchan. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, ba kuwa zan ambata ba. Tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya biya mata kuɗin makaranta har ta gama. Yau wajen shekara 8 ke nan giya ta kama shi. Aiki ya tafi, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu. Yanzu ya aiko zai zo ya yi mako guda a wurinta. Maigidanta dattijo ne a majami'ar da ba a shan giya, ya ce ƙofa a buɗe ta ke, amma kwalba ko ɗaya ba za ta ƙetare zaure ba. Gwaggonsu kuwa 'yar Katolika ce, ta ce haba, a bar shi ya sha 'yar kaɗan da abinci, ai ba zunubi ba ne. Ita baiwar Allah tana tsakiya, ga 'ya'ya huɗu, babbar mace ce mai shekara 13. Ta ce in gaya mata wa ke da gaskiya.

Ke mai karatu Musulma, kada ki juya shafi. A wajenki maganar a yanke ta ke, giya haramun ce, ba gardama. Amma sanin haramci bai taɓa hana wani gida samun mashayi ba, saboda haka rabin maganar nan na ƙarshe naki ne ke ma. Rabin farko kuwa zai sa ki gane dalilin da maƙwabtanki biyu, dukansu masu zuwa sujada ran Lahadi, ɗaya yana da kwalba a gida, ɗaya ko warinta ba ya so.

Bari mu fara da inda ba a rabu ba. Ba wata ikilisiya da ta yarda da buguwa. Tun a littafin Farawa an ba da labarin Nuhu, yadda ya dasa inabi, ya sha ya bugu, ya kwanta tsirara a alfarwarsa, abin ya zama sanadin ɓacin rai cikin zuriyarsa. A Karin Magana sura 23 an siffanta mashayi sai ka ce marubucin ya zauna a unguwarmu: jajayen idanu, raunukan da bai san inda ya samo su ba, da farkawa da safe ya sake nema. Manzo Bulus kuma ya hana buguwa a wasiƙarsa ga Afisawa, ya lissafa ta cikin ayyukan jiki a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Har nan Fada da fasto bakinsu ɗaya.

Inda aka rabu shi ne kurɓi ɗaya. Katolika da Angilikan da tsofaffin ikilisiyoyin Gabas sun riƙe cewa ruwan inabi kyautar Allah ne, laifin yana ga wuce iyaka, ko da ya ke cikinsu ma akwai mutane da yawa da ba su taɓawa. Hujjarsu ba ɓoyayya ba ce. A bikin aure na Kana ta Galili, cikin Yohanna sura 2, Yesu ya sa aka cika tuluna shida na dutse da ruwa, ko wane yana cin galan 20 zuwa 30, ruwan ya zama ruwan inabi. Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa. Ƙoƙon Jibin Ubangiji ma ruwan inabi ne. Har Martin Luther na Jamus, wanda ya ja gaban masu fita daga Katolika, matarsa Katarina ita ke dafa giyar gidansu da hannunta.

Ɗaya ɓangaren kuwa, watau Baftis da Metodis da yawancin ikilisiyoyin da mishan ta haifa a nan Arewa, irin su ECWA da COCIN da EYN, sun ce mai bi ya bar ta sam. Su ma suna da misalai. Yahaya Mai Baftisma bai sha ba tun haihuwa. Zuriyar Rekab, a Irmiya sura 35, an ajiye musu ruwan inabi a gabansu suka ƙi, aka kuwa yaba musu.

Amma fa, in za a faɗi gaskiya, wannan tsanani ba tun fil'azal ya ke ba. Shekaru ɗaruruwa yawancin Kirista suna sha. Abin ya juya ne a Ingila da Amurka cikin shekarun 1800, sa'ad da barasa mai ƙarfi ta yi araha, leburori suna karɓar albashi su zarce gidan giya, su komo hannu wofi su huce kan mata da yara. Mata ne suka fi shan wuya, su ne kuwa suka tashi. A 1874 matan Kirista suka kafa babbar ƙungiyarsu ta yaƙi da giya a birnin Kilibilan na jihar Ohayo. Kafin nan, a 1869, wani likitan haƙori ɗan Metodis mai suna Thomas Welch ya gano cewa in aka dafa ruwan 'ya'yan inabi aka rufe shi ba ya tsima, ya kai shi majami'a domin a yi Jibi da shi ba maye. Har Amurka ta kai ga hana sayar da giya da doka daga 1920, ko da ya ke dokar ba ta yi ƙarko ba, an soke ta a 1933.

To, 'yan mishan da suka zo ƙasarmu daga irin waɗannan gidaje suka fito. Mishan ta SIM ta kafa zangonta na fari a Patigi a 1902, ta SUM ta sauka Wase a 1904, waɗanda suka haifi EYN suka zauna Garkida a 1923. Suka tarar burkutu ita ce ginshiƙin zama a ƙasashe da yawa. Da ita a ke biyan 'yan gayya a gona, da ita a ke biki, da ita a ke makoki, da ita a ke tsafi. Don haka barin giya ya zama shaidar mutum ya tuba ya bar hanyar dā, masu bi suka koma dama kunu ran gayya. Su kuwa Fadan Katolika da suka zauna Shendam tun 1907 ba su tsananta haka ba. Kin ga ashe maigidanki da gwaggonki ko wane yana faɗar abin da aka koya wa gidansu ne fiye da shekara ɗari. Ba ke za ki raba wannan gardama cikin mako guda a bakin murhu ba.

(In ɗan ratse kaɗan. Kada ɗayanmu ta raina matan da ke dafa burkutu su sayar. Na san malamai da ma'aikatan asibiti da kuɗin tukunyar uwarsu ya yi musu makaranta. Ba yabon sana'ar na ke yi ba, amma mai ƙoshi ba ta san abin da ya kai wata bakin wuta ba.)

Yanzu ga amsata gare ki, 'yar'uwa. Tambayar wa ke da gaskiya ba ita ce gabanki ba. 'Yar kaɗan ɗin da gwaggo ke faɗa ta mutumin da ke iya sha ya tsaya ce. Yayanki ya wuce nan. A wurin wanda giya ta kama, kofin farko shi ke kiran sauran. A nan kuwa ɓangarorin biyu sun sake haɗuwa, gama dukansu suna karanta Romawa sura 14, inda Bulus ya koyar cewa ko abu halal ne gare ka, gara ka bar shi in zai zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwanka, ya kuwa ambaci ruwan inabi da sunansa. Ki gaya wa gwaggo, cikin ladabi, cewa ikilisiyarta ma ta san wannan. Ba wanda ya kai Katolika tsayawa kan cewa sai da ruwan inabi na gaske a ke yin hadayar Mas, amma duk da haka in Fada yana fama da ciwon shaye-shaye, bishop yana iya ba shi izini ya yi da ruwan inabin da ba a bari ya tsima ba. In an yi wa Fada wannan rangwame a kan bagade, ke ma kina iya yi wa Yaya a kan tabarma.

Saboda haka makon nan gidanki ya bushe. Ba a kawo wa ko wane baƙo, kome girmansa. Ki yi zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemo mai yawa, kada hannun mutum ya zauna ba kofi. Ki riga ki gaya wa maƙwabta masu aiko da kwalabe ran biki su aiko da wani abu dabam. In akwai jiƙon sassaƙen nan da a ke yi da barasa a ce maganin basir ne ko na baya, a fitar da shi daga gida.

Har nan maigida zai ce ai ga shi, maganarsa ce ta fito. Ta fito, amma da saura, sauran kuwa shi ne abin da ya sa na ba wasiƙar nan fili duka.

Mutumin da ya shekara da shekaru yana sha ko wace rana, jikinsa ya saba har ba ya tafiya daidai sai da ita. In aka yanke masa rana ɗaya, jikin yana iya birkicewa. Bayan awa 6 zuwa 24 da kurɓin ƙarshe sai hannu ya fara rawa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa, ga tashin zuciya, ga rashin barci. Ga wasu nan abin ya ke tsayawa, su yi 'yan kwanaki su warware. Ga wasu kuwa, cikin kwana biyu na fari sai su faɗi suna shure-shure kamar mai farfaɗiya. Mafi muni yakan zo tsakanin kwana na biyu da na huɗu: mutum ya ruɗe, bai san inda ya ke ba, jiki ya yi zafi, yana ganin macizai ko ƙwari a bango, yana jin muryoyi. Wannan hali yana kisa in ba a kai asibiti ba. Ba tsoratarwa na ke yi ba, ki tambayi ko wace ma'aikaciyar jinya.

Ki duba lissafin da kyau. Baƙon da ya sauka ran 23 ga wata, aka binciki jakarsa aka zubar da abin da ke ciki, aka tsare shi a gida don kada ya fita, to daidai ran Kirsimeti ko kashegari ne abin zai tashi. Mu kuwa mun san halinmu. Da mun ga mutum yana sambatu yana kakkaɓe abin da ba wanda ke gani, sai mu ce iska ce, ko mugun ruhu, ko an yi masa asiri, a ɗaure shi a kwana ana addu'a. Ki yi addu'a, ba wanda ya hana, amma ki yi ta cikin mota kan hanyar asibiti.

Don haka tun bai taso ba ki kira shi, da hantsi, lokacin da kansa ke sarari. Ki tambaye shi abu uku ba kunya. Ko wace rana ya ke sha? Hannunsa na rawa da safe har sai ya kurɓa? Ya taɓa faɗuwa ko ruɗewa sa'ad da ya yi ƙoƙarin bari? In ya amsa i ko da ga ɗaya, kada ya daina gaba ɗaya sai da likita. Likita yana da maganin da a ke bayarwa na 'yan kwanaki ana ragewa a hankali har jiki ya sauka lafiya, ya kuma haɗa da bitamin B1, gama mashaya sukan rasa shi, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Babban asibitin gari ma yana iya farawa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Kada sunan ya firgita ki, zuwa can ba shaidar hauka ba ce. In da hali ma, ki mai da ziyarar ta zama dalilin ganin likita, ke ki raka shi.

In kuwa ya ƙi likita fa? Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu dattawa daɗi ba, amma zan faɗa. Dokar gida ta tsaya: ba a sha a ciki, ba a sha gaban yara. Amma kada a kulle shi, kada a ƙwace masa takalmi, kada a tilasta masa rantsuwa a gaban jama'a cewa daga yau ya bari. Gara ya fita ya kurɓi abin da zai tsai da rawar hannunsa ya komo, da a ɗauke shi ranga-ranga daga ɗakin baƙi. Ke mai masauki ce, ba likita ba, ba kuma ɗan sanda ba.

Yadda za a faɗa masa dokar ma abin lura ne. Ba ta bakin yara ba, ba da habaici ba, ba kuma cikin addu'ar abinci ba. Kun san irin addu'ar nan da a ke rufe ido ana roƙon Allah ya ceci masu shaye-shaye, alhali mutum yana zaune da lomar tuwo a hannu? Wannan ba addu'a ba ce, jifa ce. A misalin ɗa ɓatacce, cikin Luka sura 15, uban da ya hango ɗansa daga nesa ya sheƙa ya rungume shi ne tukuna, bai tare shi da lissafin dukiyar da ya ɓatar ba. Yesu kansa an zarge shi da cin abinci tare da masu zunubi, har maƙiyansa suka laƙaba masa sunan mashayi. Ki zauna da shi, maigida yana kusa, ki ce, "Yaya, gidan nan naka ne, ba don kai ba da ban kai inda na ke ba. Abu kaɗan na ke roƙo. Kada kwalba ta shigo ciki. Kada ka aiki yaran nan saye. In ka sha, kada ka ɗauki ko ɗayansu a babur. In dare ya yi maka a waje ka komo a buge, ɗakin zaure a gyare ya ke, ka kwana can, da safe mu gaisa." Shi ke nan, kada ki ƙara wa'azi. Sa'an nan ki ba shi matsayinsa na babba. Shi zai yanka kaza, shi zai raba nama, shi za a tambaya labarin kakanni. Mutumin da kowa ya saba kallonsa kamar kaya, in ya ga ana bukatarsa, yakan yi ƙoƙarin da zai ba ki mamaki.

Akwai iyaka guda da ba ta da rangwame. Ran da ya ɗaga hannu kan wani, ko ya yi wa yarinya maganar da ba ta dace ba, ziyara ta ƙare a ranar, ko da ran biki ne. Kuɗin makarantar da ya biya miki bashi ne a kanki, ba a kan 'ya'yanki ba.

Ku kuma 'yan makaranta masu karanta wa iyaye wannan fili, ga taku. In Kawu ya miƙo kuɗi ya ce ki sayo masa, ki durƙusa ki ce, "Kawu, ka yi haƙuri, Mama ta hana," ki je ki faɗa mata. Ba rashin kunya ba ne. Kada ki yi masa dariya, kada ki kwaikwayi tafiyarsa don ƙannenki su yi shewa. In ya bugu ki ba shi wuri, ki kwana inda mahaifiyarki ta ce, ki sa sakata. In wani abu ya tsorata ki, ki faɗa, ko an ce ki yi shiru.

In ya komo a buge ya zube, uwargida, ki sa a kwantar da shi a gefensa, ba rigingine ba, domin in ya yi amai kada ya shaƙe. A rufe shi da bargo, gama giya tana sa mutum jin ɗumi alhali jikinsa yana sanyi, ga hunturu. Kada a kwara masa ruwa, kada a ɗura masa shayi ko gahawa, ba abin da ke fitar da giya daga jini sai lokaci. A riƙa leƙa shi. In an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai asibiti. In ya tashi da ciwon kai kada ki yi ta ba shi farasitamol, hantar mashayi ba ta jimre shi da yawa. In kuwa ya ce idonsa na ganin hazo bayan ya sha ogogoro ko goskolo ko wata barasar da ba a san inda aka dafa ta ba, kada ki jira gari ya waye. Wani lokaci akan samu guba a ciki mai makantarwa da kisa. A 2015 mutane da dama sun mutu ta haka a jihohin Ondo da Ribas.

Saura ke kanki. Kada ki bi gidajen giya kina biyan bashinsa, kada ki yi wa mutane ƙarya cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Duk ran da kika share masa hanya, kin ɗauke masa nauyin da wataƙila shi ne zai sa ya nemi taimako. A Amurka, bayan da wasu mashaya biyu suka kafa ƙungiyar taimakon juna da a ke kira AA a 1935, matar ɗayansu, Lois, ta lura cewa mijinta ya bar sha amma ita har yanzu zuciyarta a dagule ta ke. A 1951 ita da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya. Babban abin da su ke koya wa juna shi ne, ba ke kika sa masa ciwon ba, ba kuma ƙoƙarinki kaɗai zai cire shi ba. Ki nemi mace ɗaya ko biyu a Zumuntar Mata, masu riƙe baki, ki sauke musu abin da ke ranki. Na ce ɗaya ko biyu, ban ce a sanar a taro ba.

Ran da zai koma, ki raka shi tasha, ki biya kuɗin mota da hannunki. Ki ƙunsa masa soyayyen nama da garin kunu da sabulu, da sabuwar riga in da hali, amma kada ki danƙa masa kuɗi. In kun ga likita, ki rubuta ranar komawa asibiti a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a wurinki, ki kira shi ana gobe.

'Yar'uwa ta Kafanchan, ki karanta wa maigida wannan da dare bayan yara sun kwanta, ki gai da gwaggo. Bayan sabuwar shekara ki rubuto mini yadda kuka ƙare.